Maigida ya karɓe wayata saboda littattafan matsafa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, 'yar Katsina ce ni, aure ya kawo ni Legas shekara uku ke nan. Muna zaune a Agege, ɗaki da falo a gidan haya, da ɗanmu mai shekara biyu. Maigidana yana harkar tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, kafin asuba ya fita, sai bayan isha'i yake dawowa a gajiye. Ba ni da dangi a nan. Tun ina makaranta nake son karatu, yanzu kuma na faɗa wa littattafan matsafa da mayu da aljanu, irin waɗanda ake turowa shafi-shafi a WhatsApp. Wani lokaci har ƙarfe biyun dare ina karantawa, gabana na faɗuwa amma na kasa ajiyewa. Wallahi ban taɓa zuwa wurin boka ba, kuma ba na wasa da salla, sai dai asuba da nake makara.

Wata biyu da suka wuce Hajiyarsa ta zo ganin likita ta sauka wurinmu. Ran nan ina wanke-wanke na kunna wani littafi da ake karantawa da murya, sai ta ji daidai inda matar cikin labarin take ce wa boka ya raba mijinta da uwarsa. Ba ta ce min komai ba, sai ta gaya masa asiri nake koyo. Ya bincika wayata ya ga littattafan, har da wanda na fara rubutawa da kaina, ya karɓe ta ya ba ni ƙarama mai tocila. Yanzu in na zuba masa abinci sai in ga yana ta jujjuya cokali. Hajiya ta koma gida, magana ta fara zaga dangi.

Bayan haka sau uku ina farkawa cikin dare in ji an danne ni, ba motsi ba magana. Kuma akwai wata tsohuwa Bayarabiya a gidanmu mai son yarona, tana ba shi ƙosai. Ranar da ya yi zazzaɓi sai zuciyata ta tafi kanta, tun daga nan na hana shi zuwa ƙofarta. Anti, zunubi nake yi? Littattafan ne suka jawo min wani abu? Yaya zan wanke kaina? Da wayar wata maƙwabciya na rubuto miki.

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk cikinta abin da ya fi tsaya min a rai shi ne cokalin nan da maigida yake jujjuyawa. Mace ta sha zafin risho ta dafa, ta zuba, ta kawo, sannan ta ga ana yi wa abincinta kallon tuhuma, wannan ciwo ne da ba a iya nuna wa kowa inda yake. Sannu, Allah ya kawo sauƙi.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sauƙin cirewa. Son irin waɗannan labarai ba ya nuna zuciyarki ta lalace, da su aka yaye mu duka. Tuna daren da kuke zagaye da kaka a tsakar gida, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta kawo labarin budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi wani kyakkyawan baƙo, ashe Dodo ne. Kuna matsewa jikin juna, wani ma ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba, amma da ta yi shiru sai ku ce kaka ci gaba. Ke da kike 'yar Katsina, ga Daura nan kusa da ku, wa bai tashi da labarin macijin rijiyar Kusugu mai hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ba? Da labari ya koma takarda ma aljanu ba su tsaya a baya ba. Ganɗoki, wanda ya fito a 1934 cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da boko, cike yake da yaƙi da aljanu, kuma Malam Bello Kagara ne ya rubuta shi, malamin makaranta wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ba wanda ya taɓa cewa ya koya wa ɗalibai tsafi. Masu masaukinki Yarabawa haka suke: a 1938 D.O. Fagunwa ya fitar da labarin maharbin da ya shiga dajin iskoki, kuma tsara bayan tsara sun karanta shi a aji.

To me ya sa ba ki iya ajiyewa? Ina ganin na sani. Tsoron da ke cikin littafi tsoro ne mai linzami, yana hannunki. In ya yi yawa ki kife wayar, ga ɗanki yana barci, ga ƙarar janareton maƙwabta, ba abin da ya same ki. Jiki yana jin daɗin wannan faɗuwar gaba da ke ƙarewa lafiya, shi ya sa yara suke rububin lilon da ya fi tashi sama ranar salla. Ban da haka, labarin tsafi yana yi wa abubuwan da muke ji a rai fuska da suna. Hassada ba ta ganuwa, kishi ba ya ganuwa, ƙiyayyar da ake lulluɓewa da murmushi ba ta ganuwa, amma a littafi sai su zama mayya mai kama kurwa ko boka a kogon dutse, a gan su, a yi artabu da su, a ƙarshe asirinsu ya tonu. A rayuwa kuwa sau nawa mugu yake cin bulus? Sannan masu rubutun sun iya sana'arsu, suna yanke shafi daidai lokacin da ƙofar ɗakin duhun ta fara buɗewa, dole ki jira na gobe, wani lokaci ki biya kuɗi kafin ki gani.

Akwai kuma dalilin da ya shafe ki ke kaɗai. Yarinyar da ta tashi a gida mai cike da 'yan uwa, yau biki gobe suna, an ɗauko ta an ajiye a ɗaki da falo a garin da ba ta jin yarensa, daga asuba har isha'i ba mai ce mata ci kanki sai yaro ɗan shekara biyu. Wa zai ga laifinta in ta nemi wata duniya a tafin hannunta? Littattafan nan su ne dandalinki, su ne ƙawayenki. Ki riƙe wannan, domin in an karɓe waya aka bar kaɗaicin yadda yake, ba a yi maganin komai ba.

Sai batun zunubi. Abin da addini ya yi hani da shi a fili yake. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi maganar masu koyon sihirin da ake raba miji da mata da shi, ta ce abu ne mai cutar da su ba mai amfanarsu ba. Annabi (SAW) ya lissafa sihiri cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Koyo, da aikatawa, da zuwa, da gaskatawa, nan ne ramin. Karanta ƙagaggen labarin da aka ambaci boka a cikinsa wani abu ne daban, kamar yadda jin labarin ɓarawo ba sata ba ne. Malamai suna da maganganu mabambanta kan ɓata lokaci a ƙagaggun labarai, kuma zai yi kyau ki zauna da malamar Islamiyya ki ji ta bakinta. Amma ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne asubar da kike makara. Wannan ba ya buƙatar doguwar fatawa.

Kuma kada in yi miki daɗin baki, ba duk littattafan nan ne na yarda da su ba. Akwai wanda marubuciyarsa ta san me take yi, ta nuna yadda mai bin boka take sayar da kwanciyar hankalinta da kaɗan-kaɗan har ta tashi ba ta da komai. Akwai kuma na banza, wanda ba labari a cikinsa sai jini da batsa, ko wanda yake zayyana a haɗa kaza da kaza a binne a wuri kaza kamar mai koyar da girki. Wasu zaurukan ma tsakanin shafi da shafi ake cusa tallar masu "taimako" da maganin mallaka, har da lambar waya. In akwai irin wannan cikin waɗanda kike bi, ranar da waya ta dawo hannunki ki fice, ba sai an ce miki ba. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne su duba abin da littafi ya bari a ransu bayan sun rufe shi. Zan dawo kan wannan, domin naki ya bar miki wani abu.

Yanzu ki ɗan zauna a tabarmar Hajiya. Tsohuwa ce, ba lafiya, ta baro gidanta ta zo garin da ko hanya ba ta sani ba. Tana zaune a falon ɗanta sai ta ji murya daga wayar surukarta ana cewa a raba shi da uwarsa. Duk duniya ba kalmar da uwar miji take tsoro kamar wannan. Ta ga gidajen da aka ce an mallake ɗa ya daina gaida mahaifiyarsa, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ta ji an faɗa tun tana amarya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta yi kuskure da ba ta tambaye ki ba, ta yi wanda ya fi shi da ta kai maganar dangi, amma ba lallai mugunta ce ta sa ta ba.

Shi kuma maigida yana tsakanin uwa da mata, ga gajiya, ga kasuwa inda hirar asiri ba ta yankewa, wane an yi masa kurciya, wane an kashe masa kasuwa. Garin da kuke ciki ma ya ƙoshi da irin labarin: fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo a ƙasar nan a 1992 labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri ne don ya yi kuɗi, kuma daga kasuwannin Legas kaset ɗinsa ya bazu. Sai ga shi ya buɗe wayarki ya ga ba karatu kaɗai ba, har rubutawa kike yi. Ya tsorata. Duk da haka ban ba shi gaskiya kan karɓe wayar ba. Da ita kike ganin fuskar mahaifiyarki, ita ce tagarki guda ɗaya, kuma an gwada wannan hanyar a babban mataki ba ta yi aiki ba: a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, yau ga su sun ninka a cikin wayoyi.

Ga abin da nake so ki yi, kuma kada ki bari ya kwana da yawa, domin zargin asiri irin wutar kara ce. Ki nemi ranar da ba ya fita da wuri, bayan ya ci ya huta, kada ki fara da maganar waya ko kaɗan. Ki ce masa kin lura ba ya sakin jiki da abincinki, kuma wannan ya fi komai yi miki ciwo. Ki sa hannu ku ci a kwano ɗaya. Sannan ki roƙe shi ya ɗauko wayar da kansa, ya buɗe littafin da Hajiya ta ji, ku saurara tare har inda matar nan ta ƙare. Yawancin irin waɗannan labarai mai zuwa wurin boka ƙarshenta hauka ne ko tonon silili, bari ya ji da kunnensa. Naki rubutun ma ki karanta masa. Abin da ake ɓoyewa shi ke kama da asiri, wanda aka baje a faifai kuwa ya zama hira. Kada ki yi mamaki in kika ga ya gyara zama yana tambaya, to daga nan sai me ya faru? Maza da yawa da ke yi wa littattafan mata dariya sun cinye littattafan yaƙi masu bokaye da takubban tsafi suna samari.

Ki zo masa da tayin da zai nuna kin ɗauki damuwarsa da muhimmanci: ba karatu bayan ƙarfe goma, ba kulle waya da lambar da bai sani ba, kuma kin bar duk zauren da ake tallar magani. Ke ma ki nemi naki: ya dawo miki da wayar, ya kuma bar ki ki shiga Islamiyyar matan aure. Agege ba ta rasa su ba, Hausawa sun daɗe a unguwar har da sarkinsu, za ki samu 'yan uwa mata masu jin yarenki, kuma ko ba komai za ki samu inda za ki je da safe.

Hajiya kuwa shi ne zai fara yi mata bayani, ba ke ba, domin daga bakin ɗanta maganar za ta fi shiga. Bayan kwana biyu ki kira ki gaishe ta, ki tambayi jiki, ki ce Hajiya ki yafe ni, ban kyauta ba da na kunna irin wannan a gabanki, labari ne na ƙirƙira amma na san bai yi daɗin ji ba. Iya nan. Kin nemi afuwar abin da kika yi, ba ki amsa laifin da ba ki yi ba. Kuma yau ɗin nan, da ƙaramar wayar, ki kira mahaifiyarki ki gaya mata komai. Gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a gidan biki.

In kin yi duk wannan ya ƙi saurara, kada ki koma karatu a ɓoye da wayar maƙwabciya, ranar da ya gano kin ba zargin ƙafafu. Ki haƙura da littattafan na ɗan lokaci, ki nemi babban da yake jin nauyinsa, limamin masallacinsu ko wani dattijo cikin 'yan kasuwarsu, ya zaunar da ku. In kuma har aka kai ga ana kiranki mai asiri a fili, ko ana maganar rantsuwa ko kai ki wani wuri a "duba" ki, to magana ta wuce ke kaɗai, waliyyinki ya shigo. Jifan mutum da maita ko tsafi ba ƙaramin abu ba ne, har dokokin laifuka na ƙasar nan sun hana shi.

Abin da ke danne ki da dare kuwa sunansa dannau, kuma ya girmi wayar hannu. Likitoci sun san shi sarai. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana sassauta gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa, sai ki ji idonki biyu amma hannu da ƙafa da harshe sun ƙi, ƙirji ya yi nauyi, har mutum ya ga kamar inuwa a ɗakin domin guntun mafarkin bai gama wucewa ba. Yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciyar rigingine suna ƙara shi, ke kuwa kin haɗa biyun farko. Ki kwanta da wuri, ta gefen dama, ki karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara, ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafinki ki shafe jiki sau uku kamar yadda aka koyar. In ya zo kada ki yi kokawa da shi, ki ja numfashi a hankali ki yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa. In ya yawaita, ko tsoro ya fara bin ki har da rana, ki je asibiti ki faɗa wa likita ba kunya.

Saura tsohuwar nan, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Kin tambaye ni ko littattafan sun jawo miki wani abu, e, sun jawo, amma ba aljani ba ne. Sun koya wa idonki ganin mayya a fuskar tsohuwa mai ƙosai. Dubi abin da ya faru: Hajiya ta ji rabin magana ta yanke miki hukunci ba ta tambaye ki ba, ke kuma yaro ya yi zazzaɓi kin yanke wa baiwar Allah hukunci ba ki tambayi kowa ba. A garin da kwata take kwana da ruwa, sauro kamar ya ɗauki mutum, zazzaɓin yaro gwajin jini yake nema tun kafin a fara tunanin maƙwabta. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne. Kin ɗanɗani yadda ake ji in an daina yarda da abincin hannunki. Ita ma ta lura yaron ya daina zuwa, tsofaffi ba abin da ke wuce su, kuma mai yiwuwa a gidan nan kaf ita ce ta fi kusa da zama kakarsa.

Rubutunki kuma kada ki yar. Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ki ci gaba da biro, a inda maigida zai iya ɗauka ya duba. Kin ma samu abin rubutawa da ya fi kogon boka ban tsoro, wato gidan da kowa ke zargin kowa alhali ba wanda ya yi komai. Amma kafin ki kama biro, ranar Juma'a ki soya waina, ki zuba a kwano mai murfi, ki riƙo hannun yaron ku je ƙofar tsohuwar nan. Ki ɗan rusuna ki ce mata ekaro, wato ina kwana da Yarabanci, in ta miƙo masa ƙosai ki bar shi ya karɓa. Ki rubuto min yadda kuka yi da maigida, ina jira.